Ƙafa, Daraja da Minti: Tarihin Awon Sama a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Da wuya a shiga ofis, ko kanti, ko zauren wani mai hali a birnin Daura, ba a tarar da kalanda rataye a bango ba, da jadawalin lokutan salla a gindinta: Asuba ƙarfe kaza da minti kaza, Magariba ƙarfe kaza da minti kaza. Jama'a sukan ɗauki waɗannan alkaluma tamkar yankan wuƙa. Amma da za a tambayi jadawalin don wane gari aka lasafta shi, da wane ma'auni, kuma kuskuren minti nawa yake iya ɗauka, galibi sai a ji shiru.

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin yadda awon sama ya sauya a ƙasar Daura, daga zamanin da malami yake auna inuwarsa da tafin ƙafarsa, zuwa zamanin da ake buga minti a takarda. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, alkaluma sun ƙaru ƙwarai, amma bayanin da ya kamata ya raka su ya ragu.

Inuwa da tafin ƙafa

Kafin zuwan agogo, da inuwa liman da ladan suke aiki. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu cikin 996, littafi ne da duk almajirin da ya yi nisa a ƙasar Hausa ya ratsa ta cikinsa, kuma da inuwa ya ƙayyade lokutan sallolin rana. Azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsakiyar sama, watau inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama raguwa. La'asar kuwa sai inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ragowar da aka samu a lokacin da ranar ta gota. Wannan ragowa ita ce inuwar zawali, kuma a kanta lissafin duka ya rataya, domin ba ta zama ɗaya daga wata zuwa wata.

Yadda ake awon kuwa shi ne, mutum ya tsaya a fili mai baje, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, sa'an nan ya taka zuwa wurin, diddige na bin yatsa, yana ƙirgawa. An ɗauka cewa tsawon kowane mutum ƙafa 7 ne na ƙafarsa, ko da yake Albiruni ya ambaci masu cewa 6 da rabi. Hikimar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Dogo da gajere duk amsa ɗaya za su samu, gama kowa da nasa ma'aunin yake yawo. Ba wanda zai ruɗe ya ce wace irin ƙafa ake nufi. Har ila yau duk wanda ya taɓa taka inuwarsa ya san bakinta ba kaifi gare shi ba, ya san yana iya kuskure rabin ƙafa, saboda haka ba ya kabbara a kan gaɓa. Risala ma ta so a jinkirta Azahar a lokacin zafi har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsawon abu. Wannan jinkiri ya ba jama'a damar taruwa, ya kuma zama garkuwa daga kuskuren awo.

Matsala ta fara ne daga ranar da aka rubuta inuwar zawali ta kowane wata a takarda, takardar kuma ta hau raƙumi. Littattafan sanin lokaci da suka yaɗu a Afirka ta Yamma da yawansu daga Magrib suka zo, kamar Almuƙni'u na Muhammad ibn Sa'id Almargiti, wanda ya rasu a Marrakish cikin 1678. To, Marrakish tana sama da daraja 31 da rabi arewa da ikwaita, watau layin da ya raba duniya biyu, Daura kuwa daraja 13 kawai. A ƙarshen Disamba inuwar zawali a Marrakish takan kai ƙafa 10, a Daura kuwa ƙafa 5 ce da ɗoriya kaɗan. A ce wani ladan a Zango ko Sandamu ya riƙe lambar Marrakish, zai jira inuwarsa ta kai ƙafa 17 kafin ya kira La'asar, alhali tun tana 12 lokaci ya shiga. Tsakanin biyun akwai fiye da rabin sa'a.

Akwai ma abin da jadawalin Magrib ba zai taɓa nunawa ba. Sau biyu a shekara, wajen 24 ga Afrilu da wajen 18 ga Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kan mutumin Daura, inuwar zawali ta ɓace. Tsakanin waɗannan ranaku biyu kuma inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, ba arewa ba. Lambar da ke cikin littafin gaskiya ce, amma gaskiyar wani gari ce. Marubucin bai ga dalilin rubuta sunan garinsa a kan jadawali ba, tun da almajiransa duk a gabansa suke zaune.

Kada a ɗauka malaman wannan yanki baƙi ne a fagen hisabi. Muhammadu ibn Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya yi rubuce-rubuce a kan hatimai na lissafi da ilmin taurari, kuma a gidan Hasan Aljabarti, masanin falaki, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya ƙare rayuwarsa. Irinsa ba zai faɗa wannan rami ba. Sai dai ba kowane mai kwafar littafi ne Alkatsinawi ba.

Taurarin noma da kalandar Ajam

Jadawali na biyu da ya shafi rayuwar talaka kai tsaye shi ne na taurarin shekara. Masaukan wata 28 ne, aka raba su bakwai-bakwai ga bazara, da damina, da kaka, da ɗari. Kowane tauraro kwana 13 ne, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Manomi a Baure ko Mai'aduwa yakan so ya ji ko Suraiya ta fita, ko an shiga Haƙa'a, kafin ya ɗauki irin geronsa. Mervyn Hiskett ya yi nazarin yadda wannan tsari ya shiga waƙoƙin Hausa, a wata maƙala da aka buga a Landan cikin 1967.

Da yake shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ba ta tafiya da damina. Saboda haka malamai suka ɗora taurarin a kan watannin Ajam, watau tsohuwar kalandar Rumawa ta Yuliyas Kaisar, wadda ta zo ta hannun mutanen Magrib. Wannan kalanda tana ɗaukar shekara kwana 365 da rubu'i cif, alhali shekarar rana ta gaza haka da wajen minti 11. Abin kamar ba kome ba, amma yakan taru ya zama kwana guda cikin kowace shekara 128. Cikin 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara ta, ya tsallake kwana 10. Ingila ba ta bi ba sai 1752, lokacin da ratar ta kai kwana 11. Kalandar da Turawan mulki suka kawo ofisoshin En'e ita ce gyararriyar. Daga 1900 zuwa yau ratar da ke tsakanin su biyu kwana 13 ce, watau tsawon tauraro guda cur.

Ga sunayen watannin kuma kusan ɗaya ne. Idan jadawali ya ce tauraro kaza yana shiga ran 5 ga Mayu, bai kuwa faɗi Mayun wace kalanda ba, to malamin gona da ya karanta shi da kalandar ofis zai riga malamin zaure da tauraro ɗaya. A ƙasa irin ta Daura, mai jigawa, inda damina ba ta wuce wata huɗu, kwana 13 na iya zama bambanci tsakanin shukar da ta kama da wadda ta ƙone.

Harafi, daƙiƙa da mil

Su kansu alkaluman suna da nasu tarkon. Masana falaki na da da haruffan abjadi suke rubuta lambobi, kuma tsarin mutanen Gabas ya saɓa da na Magrib, wanda ƙasar Hausa ta gada. Harafin shinun a Gabas 300 ne, a Magrib 1000. Sadi a Gabas 90 ne, a Magrib 60. Alal misali, idan mawaƙi ya rufe waƙarsa da ramzin sharafu, a lissafin Magrib shekara ta 1280 yake nufi, wadda ta faɗo cikin 1863 da 1864. Wanda ya warware shi da lissafin Gabas kuwa 580 zai samu, ya mai da waƙar baya da ƙarni bakwai. Cikin jadawali kuma, jimun 3 ne, ha ƙarami 8, ɗigo ɗaya ne ya raba su, kuma ɗigo ba ya wuyar ɓata a hannun mai kwafa.

Wani ruɗanin kuma a bakin Hausawa ya haihu. A Larabci daƙiƙa ita ce kashi ɗaya cikin 60 na sa'a, watau minti. A Hausa kuwa wasu na amfani da ita a wannan ma'ana, wasu kuma na nufin sakan da ita. Bugu da ƙari, a ilmin falaki daraja ma ana kasa ta 60, kowane kashi kuma daƙiƙa sunansa, alhali cikin minti ɗaya na lokaci sama takan juya daƙiƙa 15 na daraja. Ke nan kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana uku a kan shafi ɗaya. Mai tsara jadawali da Hausa da zai rubuta minti da sakan ga lokaci, ya bar daraja da kasonta ga kusurwa, da ya rage wa masu karatu wahala mai yawa.

Wannan cuta ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya aika masana su auna tsawon daraja ɗaya a doron ƙasa. Lambar da Alfargani ya adana ita ce mil 56 da sulusi biyu. Milin Larabawa ya kusa kilomita 2, saboda haka awon ya zo dab da kilomita 111 da aka sani yau. Bayan ƙarni shida da ɗoriya Kolambas ya sami wannan lamba a littattafan Latin, ya ɗauka milin Rumawa ne, wanda bai cika kilomita ɗaya da rabi ba. Sai duniya ta ƙanƙance masa da wajen rubu'i, ya tashi cikin 1492 yana zaton Asiya na nan kusa ta yamma. Ba don ya ci karo da ƙasar da bai san da ita ba, da guzurinsa ya ƙare a tsakiyar teku.

Masu nazarin tarihin Daura ma abin ya shafe su. Sa'ad da H. R. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano cikin 1908, ya sa wa Bagauda ɗan Bawo shekarun 999 zuwa 1063. Ba wanda ya rubuta 999 a zamanin Bagauda. An same ta ne ta hanyar tara shekarun sarautar sarakuna ana komawa baya, sa'an nan aka juya shekarun wata zuwa na rana, waɗanda 100 na farko suke daidai da 97 na biyu. Kowace sarauta da ɗan kuskurenta. Amma da yake an buga lambar ba tare da alamar shakka ba, sai ga yara suna haddace ta a makaranta kamar ranar samun mulkin kai.

Zuwan agogo

Cikin 1906 Turawa suka komo da Malam Musa, na gidan sarautar Haɓe da ke Zango, kan gadon Daura. Zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya shekara fiye da 50 yana sarauta har rasuwarsa cikin 1966, shi ne zamanin da agogo ya shiga kotu da baitulmali da makaranta, daga baya ya shiga masallaci. Agogon kuwa ba da ranar Daura yake tafiya ba. Tun 1919 Nijeriya take bin lokacin da ya riga na Girinwich da awa ɗaya, wanda aka gina a kan layin daraja 15 gabas. Daura tana daraja 8 da sulusi. Kowace daraja minti 4 ce, saboda haka a matsakaicin lissafi rana ba ta kai tsakiyar saman Daura sai wajen 12:27. Wannan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a farkon Nuwamba yakan sauko 12:10, a tsakiyar Fabrairu ya hau 12:41. Wanda ya ce tsakar rana ita ce sha biyu, maganar ofis yake yi.

A nan ne tsohuwar matsalar Marrakish ta dawo da sabuwar riga. Katsina tana bayan Daura da wajen minti 3, Sakkwato da wajen minti 12, Maiduguri kuwa tana gaba da wajen minti 19. Kalandar da wani kamfani ya buga, ya raba wa abokan cinikinsa a jihohi goma, ba ta san inda za a rataye ta ba. Mai azumi a Daura da ya sha ruwa da Magaribar Maiduguri ya sha ne rana na sama, kuma a mazhabar Malikiyya sai ya rama wannan yini. Wanda ya yi sahur da Asubar Sakkwato kuwa yana iya ci bayan alfijir ya keto. A cikin masarautar kanta, daga Daura zuwa Baure, bambancin bai wuce minti biyu ko uku ba, amma shi ma ya isa a ambata.

Manhajojin wayar hannu sun magance rabin matsalar, domin sun san inda mai wayar yake tsaye. Ɗaya rabin yana nan. Alfijir ba shi da gaɓa mai kaifi irin ta faɗuwar rana, sai dai a zaɓi yawan darajar da rana take ƙarƙashin gefen sama. Wasu hukumomi sun ɗauki 18, ta Makka 18 da rabi, ta Masar 19 da rabi. A Daura tsakanin 18 da 19 da rabi akwai minti 6 zuwa 7. Sai a ga mutum biyu a sahu ɗaya, kowa ya zaro wayarsa suna gardama, alhali ba wanda ya duba wace daraja tasa take bi.

Ranar 29 ga Maris 2006 an yi husufin rana cikakke, inuwarsa ta ratsa ta kan Gusau da Katsina ta wuce Nijar. Masana sun lasafta shi tun shekaru kafin ya auku, har zuwa sakan. Amma jadawalinsu da lokacin Girinwich yake magana, wajen 9 da rabi na safe, wanda a agogon Nijeriya 10 da rabi ne. Lissafi mai kyau haka, kalma ɗaya a kan shafi ce ta raba wanda ya fahimce shi da wanda ya fita tsakar gida awa guda kafin lokaci.

Ba wa shakka suna

Shari'a ta daɗe da ware wa shakka wurin zama. Ranar 30 ga Sha'aban, idan hadari ya rufe sama a daren da ya gabace ta, sunanta ranar shakka, kuma tana da hukuncinta. Ganin wata a Malikiyya sai da adalai biyu, ko taron da ba zai haɗu a kan ƙarya ba, watau ba a dogara ga ido ɗaya. Alƙiblar Daura tana wajen daraja 70 daga arewa, ko a ce daraja 20 arewa da gabas sak, kuma gocewar daraja ɗaya tak takan kai mutum kusan kilomita 60 daga Ka'aba. Malamai sun san ba mai iya wannan saiti da ido, shi ya sa suka ce na nesa fuskantar jiha ta ishe shi.

Abin da Turai ta ƙara shi ne mai da shakkar lamba. Cikin 1796 shugaban ɗakin duban taurari na Girinwich, Nevil Maskelyne, ya kori mataimakinsa saboda awonsa yana makara da kusan sakan ɗaya. Daga baya Bajamushe Friedrich Bessel ya bincika, ya gano cewa kowane mai duba da irin tasa makarar, har da shugaban. Cikin 1838 shi Bessel ya auna ɗan gocewar da tauraron 61 Cygni yake yi a ido saboda kewayar duniya ga rana, wanda da shi ake gane nisan tauraro. Ya ba da 0.314 na sakan ɗin daraja, ya ƙara da cewa ana iya samun 0.020 sama ko ƙasa. Awon yau 0.286 ne. Ya ɗan fita daga iyakar da ya yanka wa kansa, amma da yake ya faɗi iyakar, na bayansa sun san gwargwadon nauyin da za su ɗora wa lambarsa. Alamar ± da ake gani yau a jadawalin masana, aikinta ke nan.

Inda aka fi bukatar wannan ladabi shi ne jadawalin tsayuwar wata. Matsakaicin wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, kuma lokacin da wata yake haɗuwa da rana ana iya lasafta shi har zuwa minti. Ganinsa da ido kuwa wani abu ne dabam. Bafaranshe André Danjon ya nuna cikin 1932 cewa jinjirin wata ba ya bayyana idan tazararsa da rana ta gaza wajen daraja 7, kuma mafi ƙanƙantar watan da aka tabbatar an gani da ido tsirara yana da wajen awa 15 da rabi. Bayan wannan ga ƙurar hunturu, ga hadarin damina. Kalandar da ta buga 1 ga Ramalan ba ta ce ko haɗuwa take nufi ko gani ba, ba ta kuma ce ana iya samun kwana ɗaya gaba ko baya ba, ta yi alkawarin da ba nata ba ne, domin a Nijeriya sanarwar Sarkin Musulmi ake jira, bayan rahotannin da sarakuna da kwamitin duban wata suka tattara. Mutanen Mai'aduwa da Zango, da ke bakin iyaka, sun san akwai shekarun da 'yan'uwansu na Nijar sukan ɗauki azumi ko su sauke a wata rana dabam, alhali sama ɗaya suke kallo.

Tsofaffin takardun da ke ɗauke da lambobin inuwa da taurari suna nan a gafakokin gidajen malamai, wasu kuma a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna. Yawancinsu ba su faɗi garin da aka lasafta su ba. Amma mai bincike yana iya tilasta musu su faɗa. Ya duba lambar da aka ba watan Dujambar: idan ta kusa 10, takardar daga Magrib aka kwafo ta ba gyara. Idan ta sauko wajen 5, to wani malami ne ya fita fili a ƙasar Hausa, cikin sanyin hunturu, ya taka inuwarsa ya rubuta abin da ya ƙirga.